Famfo biyu a jijiya ɗaya: lamarin wata mai jego da ta kwana takwas a kan na'urar Ekmo

Wata Talata da hantsi aka shigo mini da ita ɗakin duba masu ciwon zuciya, ita da mahaifiyarta. Shekarunta 27, haihuwarta ta biyu ke nan, tana ɗan jan ƙafar hagu in za ta taka. Uwar ce ke goye da jaririn, ita kuma tana rungume da wani fayil mai kauri da aka ba su a asibitin da ta kwanta a Saudiyya, inda maigidanta ke koyarwa. Wata huɗu ke nan da sallamarta, ta dawo gidansu a Tudun Wada don ta ƙarasa murmurewa. Ko gaisuwa ba mu gama ba Hajiya ta jefo tambayar da ke cin ta.

"Likita, can aka ce mana an tsayar da zuciyar yarinyar nan, an sa mata inji ya yi mata aiki kwana takwas. To ni abin da ban gane ba, in zuciya aka yi wa aiki, me ya kai ciwo ƙafa?"

Na ce, "Hajiya, ku ba ni fayil ɗin in kwana da shi, ku dawo jibi."

A sashenmu babu irin wannan na'ura ta Ekmo, wadda ke taimakon zuciya da huhu daga wajen jiki, amma waɗanda aka sa wa ita a waje sun fara dawo mana da tabonta, kuma mu ne za mu ci gaba da duba su. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na tarar a fayil ɗin. Abu na farko da na gyara wa Hajiya shi ne: ba a tsayar da zuciyar ba. Tana bugawa duk kwanakin nan takwas, kuma kusan duk wahalar da aka sha daga nan ta taso.

Ciwon ya fara ne kwana 19 bayan haihuwa. Ƙafafu suka kumbura, tari ya hana ta barci, in ta kwanta rigingine sai numfashi ya sarƙe. Da aka yi mata hoton zuciya, sai aka ga ɗakin hagu na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa duk jiki, ya buɗe ya saki. Lafiyayyen ɗaki yakan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa a kowane bugu, nata kashi 15 cikin 100 kawai yake iya fitarwa. Wannan ciwon zuciyar masu jego ba baƙo ba ne a gare mu, har ma sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci ta dalilinsa. Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun bi diddigin mata 224 da suka kamu da shi a nan, suka buga sakamakon a 1978, inda suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta.

Cikin yini ɗaya abin ya rikice. Awon jini ya faɗo 78 bisa 55, hannu da ƙafa suka yi sanyi, fitsari ya ɗauke. Sinadarin laktet, wanda ke taruwa a jini idan gaɓɓai ba sa samun iskar oksijin, ya kai 7, alhali ƙasa da 2 ya kamata ya tsaya. Aka sa mata na'urar numfashi, aka ba da magungunan ɗaga jini, ba su riƙe ta ba. Rai kwakwai mutu kwakwai, sai aka kira masu Ekmo.

Ya kamata a bambanta wannan na'ura da injin zuciya da huhu na ɗakin tiyata, wanda John Gibbon ya fara cin nasarar aiki da shi a Filadelfiya ta Amurka a 1953. A ɗakin tiyata likita yakan matse babbar jijiya, ya tsayar da zuciya da gangan, injin ya karɓi aikin na 'yan awanni. Famfo ɗaya ne ke aiki, babu mai ja da shi. Ita Ekmo jikanyar wancan injin ce da aka gyara don ta yi kwanaki. A 1972 aka buga labarin babban mutum na farko da ya tsira a kanta, a 1975 kuma Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da ita. Iri biyu ce. Akwai wadda ke ɗebo jini daga jijiyar komawa, wato mai mayar da jini zuwa zuciya, ta mayar da shi jijiyar komawa, ta huhu ce kawai, ita aka fi ji lokacin korona. Akwai kuma wadda ke ɗebowa daga jijiyar komawa ta zuba a jijiyar fita, wato mai kai jini daga zuciya zuwa jiki, wadda ke ɗaukar nauyin zuciya da huhu gaba ɗaya. Wannan ta biyu aka sa wa mai jegon nan.

Ga yadda aka haɗa ta. An zura wani dogon bututu mai kaurin ɗan yatsa ta jijiyar komawa a gindin cinyar dama, har bakinsa ya kai ƙofar zuciya ta dama. Famfo mai juyawa sau dubu uku da 'yan kai a minti yana zuƙo jinin, ya bi da shi ta huhun roba inda ake cire masa gurɓatacciyar iska a sa masa oksijin, sannan a mayar da shi ta wani gajeren bututu da aka sa a jijiyar fita ta cinyar hagu. To a nan gizo ke saƙa. Babbar jijiya, wadda likitoci ke kira awota, daga zuciya take tasowa, ta lanƙwasa a saman ƙirji kamar mariƙin laima, ta gangaro ta ciki ta rabu biyu zuwa cinyoyi. Allah ya tsara jini ya bi ta daga sama zuwa ƙasa. Jinin na'ura kuwa daga cinya yake shiga, ya haura sama, ya nufi zuciya kai tsaye. Kamar a ce titi mai hannu ɗaya ne, ga tirela ta shigo ta ƙarshensa, ga wani ɗan a-kori-kura mai ciwon inji yana ƙoƙarin fitowa ta farkonsa.

Awanni shida na farko komai ya yi daɗi. An saita na'urar tana ba da lita 4.2 a minti, kusan duk abin da jikin babban mutum ke buƙata yana hutawa, wato wajen lita 5. Laktet ya sauko 3, daga baya ya koma ƙasa da 2. Fitsari ya dawo, hanta ta fara saukowa daga hawan da awonta ya yi. Ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa ba ruwansu da inda jini ya fito, in dai ya zo da oksijin. Ɓangaren dama na zuciya ma ya samu hutu, domin ana kwashe yawancin jinin tun kafin ya shige shi. A wannan daren ne aka yi wa maigidan albishir, shi kuma ya bugo waya Zariya aka yi ta hamdala.

Ɗakin hagu ne bai ga hutun ba. Kafin ya fitar da ko ɗigo, dole matsinsa ya rinjayi matsin da ke cikin awota, sannan ƙyauren da ke tsakaninsu ya buɗe. Na'ura ta cika awota da jini, ta ɗaga matsin cikinta zuwa wajen 85. Ɗakin da da ƙyar yake ture ƙyaure a kan 60, yanzu an jingina masa buhu a bayan ƙofar. Mutum zai ce to ai sai ya zauna abinsa, tunda an ɗauke masa aiki. Matsalar ita ce jini bai daina shigo masa ba. Bututun zuƙa ba ya kwashe komai, wani kaso yana zillewa ta dama ya bi huhu ya faɗo hagu. Jinin da ke ciyar da hanyoyin iska na huhu shi ma hagu yake tsiyayowa, haka wasu ƙananan jijiyoyin bangon zuciya. Shiga kaɗan-kaɗan, fita babu.

Bayan awa 14 ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa layin awon jini a allo ya kusa miƙewa. Famfon na'ura ba ya bugawa, zuba yake yi kamar ruwan famfo, saboda haka duk wani tudu da aka gani a layin na zuciyar majiyyaci ne. Tazarar lambar sama da ta ƙasa, wadda a mai lafiya takan kai 40, ta koma 6. Ɗan maƙalin da ake sa wa a yatsa ya daina karantawa, don shi da bugu yake aiki. Hoton zuciya ya nuna ƙyauren awota a rufe, sai jefi-jefi yake motsi, ɗakin hagu ya ƙara girma, jinin cikinsa yana juyawa a hankali kamar hayaƙi. Can kuma kumfa mai ruwan hoda ya fara fitowa ta bututun numfashi: matsin ya koma baya ya cika huhu da ruwa.

Haɗarin nan fuska uku gare shi, kuma ko wace tana ciyar da 'yar'uwarta. Bangon da ya miƙe yana cin oksijin fiye da da, ga shi matsin da ke cikin ɗakin yana danne ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi, sai zuciyar da ake jira ta warke ta ƙara jigata. Huhu yana nutsewa. Jinin da ya tsaya kuma yana daskarewa, kuma gudan jini a ɗakin hagu ko a gindin awota, ranar da ya ɓalle ƙwaƙwalwa yake nufa. A ganina wannan shi ne wuri mafi ruɗi a duk aikin Ekmo, domin sauran lambobin duk suna murmushi. Laktet lafiya, fitsari lafiya, jiki da ɗumi. Wanda ya tsaya kallon waɗannan kawai zai kwana yana murna zuciya tana shaƙewa.

Abin da suka yi ya burge ni, don ba su fara da babban makami ba. Sun rage na'urar zuwa lita 3.2, suka janye magungunan matse jijiya har matsakaicin awo ya sauko 65, suka ba da maganin fitar da ruwa. Ƙyauren ya fara buɗewa sau ɗaya cikin bugu uku. Da bai wadatar ba, sai suka zura wani siririn balo ta jijiyar fita ta cinyar dama zuwa cikin awota, wanda ke kumbura idan zuciya ta saki, ya sace daidai lokacin da za ta matsa, ya bar mata gurbin da za ta zuba jini. Da asuba ƙyaure na buɗewa a kowane bugu, tazara ta koma 17. Da wannan ya ƙi, akwai ɗan ƙaramin famfo mai suna Impella da ake zurawa har cikin ɗakin hagu ya riƙa kwashe jinin yana zubawa a awota, akwai kuma huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama don matsin ya samu mafita. Ba a kai can ba.

Yanzu ga amsar Hajiya. Jijiyar fita ta cinya ba ta da faɗi sosai, musamman a mace mai ƙaramin jiki, kuma idan jini ya faɗi takan ƙara tsukewa. Bututun da aka sa ya kusa cike ta, bakinsa kuma sama yake kallo. Duk jinin na'ura ya nufi ciki da ƙirji, ƙafar da ke ƙarƙashin bututun aka bar ta da ɗan abin da ke zagayowa ta ƙananan hanyoyi. A rana ta biyu aka lura tafin ƙafar hagu ya yi sanyi ya koɗe, ba a jin bugu a idon sawu. Sai aka ja wani ɗan siririn reshe daga bututun mayarwa, aka sa shi a jijiyar yana kallon ƙasa. Ƙafa ta yi ɗumi, aka tsira da ita, amma jijiyar motsi ba ta jure yunwar jini kamar fata, kuma awannin da aka yi sun bar mata rauni. Shi ne jan ƙafar da na gani a bakin ƙofa. Cibiyoyi da yawa yanzu suna sa wannan reshe tun a farko, ko da yake wanda ya taɓa tsayawa a kan majiyyacin da jininsa ke zubewa ƙasa ya san cewa a irin wannan dare rai ake fara kamawa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na'ura tana son jini ya tsinke don kada ya daskare a cikin roba, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini mai suna hefarin ba dare ba rana. Ita kanta kuma tana cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, juyin famfo yana yayyaga wani sinadari da ke taimaka musu kamawa. Nata ƙwayoyin sun sauko daga dubu 240 zuwa dubu 70. Ga mahaifar da sati uku ke nan kacal da sauke ɗa. Jinin biƙi ya dawo da ƙarfi a rana ta uku, bakin bututun cinya yana tsatsafowa, sai da aka ƙara mata leda huɗu aka kuma sassauta hefarin. A daren ne aka rubuta cewa bututun zuƙa yana karkarwa. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Galma ya san wannan: idan ruwa ya ja baya, tiyo yakan kama rawa yana tsotsar laka. Haka jijiya ke manne wa bakin bututu idan jini ya yi kaɗan. Ƙara wa famfo gudu ba ya magani, sai dai ya fasa jajayen ƙwayoyi. Aka rage gudu, aka ƙara jini, rawar ta tsaya.

Rana ta huɗu ce ta fi ba ni mamaki a duk fayil ɗin. Zuciya ta fara farfaɗowa, tazara ta kai 28, kowa ya ji daɗi. Sai awon oksijin a hannun dama ya faɗo kashi 82, alhali na ƙafa yana 100. Jiki ɗaya, jini iri biyu.

Dalilin yana cikin jerin rassan awota. Na farko da ke fita daga gindinta su ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kanta. Sai reshen da ke kai jini hannun dama da gefen dama na ƙwaƙwalwa, sai na gefen hagu na ƙwaƙwalwa, sai na hannun hagu, can ƙasa kuma na ciki da ƙoda da ƙafafu. Jinin zuciya yana gangarowa, jinin na'ura yana haurowa, akwai inda suke haɗuwa kamar mahaɗar kogunan Kubanni da Galma, sai dai wannan mahaɗa ba a wuri ɗaya take zama ba. Lokacin da zuciya ba ta da ƙarfi, jinin na'ura yakan kai har gindin awota ya wanke ko'ina da oksijin. Da zuciya ta samu ƙarfi, sai ta tura mahaɗar ƙasa, ta karɓe rassan sama. To jinin da take turowa ta huhun majiyyaciya ya biyo, huhun da ke cike da ruwa, ga kuma ciwon sanyin huhu da ya shiga. Ke nan zuciya da ƙwaƙwalwa, gaɓɓai biyu da aka fi jin tsoro a kansu, su ne ke shan jini maras oksijin, ƙafafu kuma na wanka da mai kyau. Warkewar zuciya ce ta jawo wannan. Shi ya sa ake ɗaukar awon jini a wuyan hannun dama ga duk wanda aka sa wa Ekmo ta cinya. Da a hannun hagu ko a cinya aka ɗauka, lambar za ta yi kyau, ɓarna na tafiya a sama.

Gaba kura baya sayaki. In an ƙara gudun na'ura, mahaɗa za ta koma sama, ƙwaƙwalwa ta samu jini mai kyau, amma an sake jingina buhun nan a bayan ƙyaure. In an bari, ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Suka zaɓi gyara huhun: aka ƙara oksijin da matsin na'urar numfashi, aka zuƙe majina, aka canza maganin ƙwayoyin cuta, aka ci gaba da fitar da ruwa. An tanadi bututu na uku da za a sa a jijiyar wuya, ya riƙa kai wani kaso na jinin na'ura ɓangaren dama don ya bi ta huhu ya fito hagu da oksijin ɗinsa. Kafin a kai ga sa shi hannun dama ya hau 93.

Daga nan tafiya ta miƙe. A rana ta bakwai aka fara gwajin yaye: ana rage na'ura rabin lita rabin lita har zuwa lita 1.5, ana kallon hoton zuciya. Awon jini bai faɗi ba, ɗakin hagu yana fitar da kashi 28. Rana ta takwas aka cire bututun a ɗakin tiyata, aka ɗinke jijiyar cinya.

Kada labarin nan ya sa a ɗauka Ekmo maganin kowace zuciyar da ta gaza ce. Ba ta warkar da komai, lokaci take saya, kuma da tsada. A 2023 aka buga wani babban gwaji da aka yi a Jamus da Sulobeniya a kan mutum 417 da zuciyarsu ta gaza bayan toshewar jijiyarta. Cikin kwana 30, kashi 47.8 na waɗanda aka sa wa na'urar sun rasu, a waɗanda ba a sa wa ba kashi 49. Bambancin da ya fito fili a wajen illa yake: zubar jini mai yawa kashi 23.4 a kan 9.6, matsalar jijiyar ƙafa da ta kai ga aiki kashi 11 a kan 3.8. Mai jegon nan ta ci riba ne domin ciwonta irin wanda zuciya ke iya farfaɗowa daga gare shi ne, ga ƙuruciya, ga gaɓɓan da ba su riga sun lalace ba.

Ranar Alhamis suka dawo. Na zana wa Hajiya mariƙin laima a bayan katin asibiti, na nuna mata inda bututu ya zauna da inda ƙafa ta rasa rabonta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Likita, ni na tafi mata da kanwa. Kullum sai na dama mata kunu. Ko ni na jawo mata?"

Na ce, "Hajiya, ku cire wannan a ranku. Binciken da aka yi daga baya a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, bai samu al'adun jego a matsayin tushen ciwon ba. Ya fi kama mata masu rama da masu hawan jinin ciki da waɗanda hannunsu bai kai ba, kuma yana kama matan da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Amma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son gishiri, kanwa kuwa 'yar'uwarsa ce. Daga yau babu ita a kununta."

Hoton da muka yi mata a ranar ya nuna kashi 41. Ta taso sosai, ba ta kai ba tukuna. Ana jin bugu a idon sawun hagu, ya ɗan fi na dama rauni, babu kumburi ko ƙara a tabon cinya. Na bar ta a kan magungunan da aka sallamo ta da su, na ɗan ƙara ɗaya, na tura ta wajen masu gashin ƙashi don ƙafar. Nono ya riga ya ƙafe saboda maganin da aka ba ta can na tsayar da shi, yaron yana kan madarar gwangwani, abin da har yanzu Hajiya ba ta gama yafewa ba.

Saura magana mai nauyi. Muddin ɗakin hagu bai kai kashi 50 ba, wani cikin yana iya mayar da ita inda ta fito, kuma ko ya kai, sai da sa ido. Na faɗa mata wannan ita kaɗai, bayan Hajiya ta fita da yaron. Ta sunkuyar da kai ta ce Malam zai zo hutu bayan Sallah. Na rubuta musu ranar da za su zo tare, na sa a maimaita hoton zuciya a safiyar ranar.